Yadda ake zaɓen wandon da zai jure aikin waje da zirga-zirgar yau da kullum a Sakkwato

Wando a wuri huɗu yake mutuwa: hantsa, gwiwa, bakin aljihu da zif. Telolin da ke karɓar gyara a Tsohuwar Kasuwa abin da ake kawo musu ke nan safe da yamma. Amma mai saye bai cika duba ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba. Launi yake kallo da sunan kamfanin da aka manna a ƙugu, ya kara wandon a jikinsa, ya biya ya wuce. Wata biyu ana hawan babur da shi, ran nan a ɗaga ƙafa za a hau sai a ji ɓarr, a tsakiyar jama'a kuwa.

Ga yadda za ka bi, tun daga gida har gaban mai kaya, idan kana neman wandon da za ka je gona ko fadama da shi, ka hau babur, ka shiga kasuwa, kuma ka tsaya sahu a masallaci ba ka jin kunyar kowa.

Fara da lissafin wuninka

Kafin ka fita, zauna ka tuna sa'ar da ta fi wahalar da wandonka a wuni. Ɗan kabu-kabu zama ne a kan sirdi da rana, ƙafafu a buɗe, salansa mai zafi kusa da ƙauri. Mai noman albasa ko shinkafa a Kwalkwalawa, Wurno ko Goronyo tsuguno ne da durƙuso cikin laka. Mai bin kasuwannin ƙauye, yau Achida gobe Illela, hawa da sauka ne daga mota, kuɗi da waya a jiki. Makiyayi da mai zuwa itace ƙaya ce da ƙarangiya. Ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ko malamin makaranta yana son abin da zai shiga aji da shi, ya kuma taka sayyada idan mota ta yi wuya. Wannan sa'ar ita za ka saya wa wando. Sauran sa'o'in kowane tsumma zai iya da su.

Sai yanayin gari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma tana zuwa da laka da sauro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, da ƙura da sanyin asuba. Watannin zafi sun fi yawa, saboda haka zafi za ka fara yi wa tanadi. Sanyin hunturu ana maganinsa da siririn wando a ciki, amma wando mai kauri ba ka da yadda za ka rage masa kauri a watan Afrilu.

Auna jikinka a gida

Nemi tef irin na tela. Auna ƙugu a daidai inda kake ɗaura wando, ba inda ka fi siranta ba, ka bar yatsa biyu tsakanin tef da jiki, kuma kada ka haɗiye ciki. Auna mazaunai a inda suka fi faɗi, sai cinya daga sama. Tsawo kuwa iri biyu ne: daga ƙugu zuwa idon sawu ta waje, da daga hantsa zuwa idon sawu ta ciki. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka shimfiɗa tsohon wandon da ya fi yi maka daɗi, ka auna shi, ka rubuta a waya.

Wandunan da ake shigowa da su sukan zo da lamba biyu, misali W34 L32. Ta farko ƙugu ce da inci, ta biyu tsawon ƙafa ta ciki. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan ka ga 48 ko 50 a wandon da bai kai haka faɗi ba, lissafin Turai ne, ba inci ba. Ko lambar inci ɗin ma kada ka ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari, domin 34 na wannan kamfani kan zama 36 na wancan, na gwanjo kuma wanki ya riga ya taɓa shi. Sa tef ɗinka a aljihu ka tafi da shi. Dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya tana ba da kusan-kusan ga marar tumbi, amma ba ta gaya maka komai game da cinya da hantsa, waɗanda su ne masu yagewa.

Yadi

Nan za mu daɗe, domin ɗinki ana gyara shi, yadi kuwa in ya ɓaci ya ɓaci.

Auduga zalla ita ce ta fi sanyi a jiki. Tana shan gumi, iska na ratsa ta, ba ta narkewa idan ta taɓa wuta. Aibinta, tana yamutsewa, takan ɗan tsuke a wankin farko, kuma idan ta jiƙe tana jimawa ba ta bushe ba. A bazara wannan ba matsala ba ne, iskar garin nan busar da komai take yi nan da nan. A Agusta ne za ka gane bambanci.

Foliyesta zalla, wanda 'yan kasuwa ke ce wa roba ko leda, shi ne akasin haka. Ba ya yamutsewa, launinsa ba ya saurin koɗewa, yana bushewa da wuri, ga araha. Amma ba ya shan gumi, sai ya bar shi tsakanin fata da yadi, daga nan ƙuraje da ƙaiƙayin matsematsi. Yana riƙe wari ko an wanke. Da hunturu yana mannewa a ƙafa yana tartsatsi. Mafi muni ga mai babur: idan ya taɓa salansa narkewa yake yi ya liƙe a fata, ƙunar ta fi ta auduga muni nesa ba kusa ba. Haka ga maƙeri, mai walda, mai gasa nama da mai shayi. Duk wanda aikinsa ke kusa da wuta ya nisanci roba.

A ganina, ga mai son wando ɗaya ya yi masa aiki iri-iri, gauraye ya fi, amma wanda auduga ta rinjaya. Juya cikin wandon, wajen ƙugu ko ɗinkin gefe, za ka ga ɗan ƙyallen da aka rubuta kason kowane zare. Auduga kashi 60 zuwa sama, sauran foliyesta ko nailan, ya yi. Akwai wani gauraye da ya yawaita a kayan ma'aikata, foliyesta 65 auduga 35. Ƙarfe ne wajen jurewa, amma a watan Afrilu za ka ji a jikinka. Idan an rubuta elastane ko spandex, zaren roba ne mai miƙewa. Kashi 2 ko 3 yana taimaka wa tsuguno. Fiye da haka ka bar shi, domin zafin rana da dutsen guga suna kashe wannan zaren, gwiwa ta yi buhu, mazaunai su saki.

Bayan zare sai saƙa. Kalli yadin da kyau a haske. Idan ka ga siraran layuka sun tafi a karkace, irin saƙar kaki ce da cinos da jins, kuma an san ta da jure gogayya. Idan ka ga 'yan murabba'ai kamar gidan dara, shi ne wanda ake rubuta wa ripstop: an ratsa zare mai kauri a tsaye da kwance, ta yadda in ƙaya ta huda, yagewar takan tsaya a gida ɗaya. Ga shi marar nauyi. Ga mai shiga daji ban san abin da ya fi shi ba a zafin nan.

Jins fa? Asalinsa kayan aiki ne. A 1873 wani ɗan kasuwa, Levi Strauss, da wani tela, Jacob Davis, suka yi rajistar dabarar buga 'yan ƙusoshin tagulla a kusurwar aljihu a Amurka, saboda leburori da aljihunsu ke yagewa. Har yau jins na gaske yana jure ƙaya da dutse. Sai dai nauyinsa da oza ake ƙiyasta shi, kuma wanda aka saba, oza 12 zuwa 14, ya yi wa bazararmu nauyi. In ya jiƙe da ruwan damina kuwa wuni guda kana ɗauke da shi. Mai oza 8 zuwa 10 ya fi dacewa da mu. Jins ɗin samari na yayi, matsattse mai roba da yawa, wanda aka kankare gwiwarsa tun daga kamfani don ado, wannan an riga an ci rabin ransa kafin ka saya.

Shadda da yadin kaftani a bar su ga Juma'a da biki. Kyansu a sheƙi yake, sheƙin kuma ba ya shiri da laka da wankin kullum.

Sau da yawa babu ƙyallen bayani, ko akwai amma ƙarya aka rubuta. To ga gwaje-gwajen da za ka yi da hannunka a gaban mai kaya:

Ɗaga ƙafar wandon ɗaya ka duba rana ta cikinta. Haske kaɗan-kaɗan da ya bazu daidai alama ce iska za ta shiga. Idan kana hango mutane ta ciki, ya yi shara-shara. Idan ko ɗigon haske babu, tanda ka saya.

Damƙe yadin a tafin hannu ka ƙirga goma ka saki. Auduga za ta bar layuka, roba za ta koma sumul kamar ba a taɓa ta ba, gauraye yana tsakani.

Ɗiga masa ruwa kaɗan daga ledar ruwanka. Auduga za ta shanye, a kan roba kuwa ɗigon yakan tsaya ya gangare. Sabon yadi mai sitati yakan yi gardama da farko, sai ka murza wurin ka sake.

Jiƙa farin hankici ka goga a cikin ƙafar wandon. Idan launi ya fito sosai, zai zuba a wanki, kuma zai rina maka farar riga ranar da ka yi gumi.

Idan yadi kake saye za ka kai wa tela, roƙi mai shago ya zare maka zare biyu-uku daga baki, ka fita waje ka kyasta musu ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana nannaɗewa ta narke, ta bar ɗan dunƙule mai tauri.

Launi, a taƙaice

Baƙi yana jan zafi, ƙurar hunturu tana bayyana a kansa tun kafin ka kai bakin titi, kuma sauro ya fi bin duhun kaya. Fari ba na aiki ba ne. Ruwan ƙasa, ruwan toka, kalar kaki, su ne ke ɓoye ƙura kuma su shiga da kowace riga, har da 'yar shara ko gajeren kaftani.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki: kada ka sayi mai zanen kayan soja, komai arahar da aka yi maka a gwanjo. Doka ta hana farar hula sa shi, kuma da halin tsaron da ake ciki, musamman a gabashin jihar, bayanin da za ka yi a shingen bincike ya fi kuɗin wandon tsada. Ko koren da ya yi kama da nasu sosai gara a kauce masa.

Juya shi ciki waje

Mai kaya ba ya son wannan matakin. Zai ce, “Alhaji, wanga ƙarhe na, sai ka gaji da shi.” Ka ce, “To Malam, bari in gani da idona,” ka juya abinka.

Fara da hantsa, inda ɗinki huɗu suka haɗu. Kama ɓangarorin biyu ka ja da ɗan ƙarfi. Idan zare ya bayyana, ko ka ga 'yan ramuka suna buɗewa a bin ɗinkin, ajiye shi. Wandon kirki ɗinkin hantsarsa da na cikin ƙafa layi biyu ne, an kalmashe bakin yadin a ciki, irin wanda kake gani a jins. Wanda ya fi wannan shi ne mai ƙarin ƙyalle a hantsa, wani yanki mai kusurwa huɗu da ake sakawa don nauyin ya rabu maimakon ya taru a wuri ɗaya. Kamfanonin kayan hawan dutse suna tallar wannan kamar sabon abu, alhali wandonmu na gargajiya, buje da ire-irensa, da yalwatacciyar hantsa aka san su, shi ya sa mahaya dawaki suke wuni a kan sirdi da su.

Sai aljihu. Zura hannu har ƙasa. Zurfinsa ya haɗiye wayarka duka, kuma idan ka zauna kada ta leƙo. Taɓa yadin cikin aljihun: da yawa wandon mai kauri ne amma an yi masa aljihu da yadi kamar gyauron labule, makulli ya huda shi cikin mako biyu. Duba kusurwoyin bakin aljihu, ya kamata a ga ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka maimaita, ko ƙusar tagulla. Aljihu ɗaya mai zif ko maɓalli yana da amfani ranar kasuwa. Wando mai manyan aljihuna a cinya, wanda samari ke kira kwambat, yana da kyau ga mai awon fili, mai gyaran wuta ko mai aikin rigakafi da ke yawo da 'yan kayan aiki. Amma aljihun ya zama kwantacce. Masu kumburi suna kama ƙaya, suna kama ƙofar mota, kuma ba ka shiga ofis ko ɗaurin aure da su.

Zif: ja shi sama da ƙasa sau da yawa. Sannan ka kai shi rabi, ka kwantar da kansa, ka ja bakin wandon gefe da gefe. Mai kyau zai tsaya cak, marar kyau zai zame.  Idan ka ga YKK a kansa, sunan wani kamfanin Japan ne da ya yi suna a zif, kodayake shi ma ana buga na jabu, saboda haka gwajin hannu ya fi karatun suna.

Ƙirga 'yan madaukan da bel ke bi ta ciki. Biyar ne aka saba, bakwai ya fi riƙe ƙugu, musamman idan kana loda aljihu. Kuma ka duba ɗinkin baya na tsakiya ko an bar rarar yadi a ciki, domin ita ce tela zai buɗe idan jiki ya ƙaru bayan azumi.

Sa shi, ka motsa

Idan da hali, kada ka biya sai ka sa. Inda babu wurin gwaji, ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa za ka dawo da shi in bai yi ba, kuma kada ka cire masa takarda.

Da ka sa, tsuguna har ƙasa, dugadugai a ƙasa, kamar za ka yi alwala. Idan ya shaƙe cinya ko ya ja hantsa, bai yi ba, kuma kada ka yarda da zancen wai zai saki. Ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar za ka hau babur. Yi ruku'u, yi sujada, ka kai hannu baya ka ji ko ƙugun ya zame. Wandunan yayi masu gajeren ƙugu suna tona bayan mutum a sahu, na bayansa ya rasa inda zai sa ido, ga kuma maganar suturce al'aura daga cibiya zuwa gwiwa. Nemi mai dogon ƙugu, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tsawo. Zauna irin zaman tahiya, sannan ka tanƙwashe ƙafa irin zaman cin tuwo a tabarma.

Daga nan naɗe ƙafar wandon zuwa ƙauri. Sau biyar a wuni za ka wanke ƙafa, wandon da bakinsa ba ya hawa sama wahala ce ka saya wa kanka. Amma kuma kada bakin ya yi faɗi har ya riƙa lilo, domin sarƙar babur da ta keke ba sa barin irin wannan. Miƙaƙƙiyar ƙafa, wadda ta ɗan tsuke kaɗan daga gwiwa zuwa ƙasa, ita ce daidai. Cinya kuwa ka iya tsunkule yadi kamar inci ɗaya zuwa biyu a gefe kana tsaye. Wannan sararin shi ne iskar da za ka sha a bazara.

Tsawo ya tsaya a idon sawu ko sama kaɗan. Masu kula da sunna sun riga sun saba, kuma ko ta fuskar aiki, bakin da ke jan ƙasa shi ke kwasar laka da najasar kwata, dunduniya ta cinye shi.

Sabo, gwanjo ko tela

Sabon wandon kanti mai araha yawanci roba ne mai ɗinki layi ɗaya. Araha ba ta ado. Masu kyau suna nan a Babbar Kasuwa da shagunan cikin gari, gwaje-gwajen da aka faɗa a sama su za su raba maka su.

Gwanjo yakan ba da yadi da ɗinkin da sabo mai kuɗi ɗaya da shi ba zai ba ka ba, musamman kayan ma'aikata da na masu yawon daji na Turai. Ka san ranar da mai kayanka ke fasa dila, ka je da wuri, kuma da rana tsaka za ka duba, ba da fitilar dare ba. Tuna cewa don ƙasashen sanyi aka ɗinka yawancinsu: duk mai shafi a ciki, ko mai gashi-gashi, ko ulu, ajiye shi. Ɗaga hantsar a rana, domin nan ne yadi ke sirancewa tun bai huje ba. Duba gwiwa, bakin ƙafa ta baya, cikin aljihu. Tsawo in ya yi yawa tela zai rage, ƙugu ma ana rage inci ɗaya ko biyu, amma matsattsiyar cinya ba ta da magani. Ka wanke shi da sabulu ka shanya a rana sosai kafin ya taɓa jikinka.

Ni dai tela na fi ba mutum shawara, in ya san mai hannu. Yadi ɗaya da rabi na kaki mai faɗin inci 60 yana isar matsakaicin mutum, dogo ko mai jiki ya ƙara kwata ko rabi. Jiƙa yadin ka shanya kafin ka kai, don ya gama tsukewarsa tun bai zama wando ba. Kai masa tsohon wandon da ke yi maka daɗi. Kuma kada ka ce “a yi mini wando” kawai ka juya. Ka ce, “Maigida, na aiki nake so. A sa mini ƙyalle a hantsa, ɗinki biyu a ciki, zare mai kauri, a ninka gwiwa, aljihu da yadin wandon kansa, a bar rara a baya.” Zai ƙara kuɗi, ka biya. Kada kuma ka kai ana saura mako biyu Salla, lokacin da kayan biki suka yi masa tsibi.

Maganar ƙugu, zaɓi ne tsakanin bel da mazagi. Mazagi a ƙubaka yana bin jiki, ko ka rame ko ka yi ƙiba, ba ya ƙuna da rana, ba shi da zif da zai lalace. Aibinsa, ba ya ɗaukar nauyin aljihu. Wasu teloli suna sa roba mai miƙewa a baya, madaukan bel a kewaye, kuma yana aiki. Roba zalla ce ba ta daɗewa a zafinmu. In bel ne, garin jar akuya ba a rasa fatar kirki, sayi na dukawa ka huta da na leda mai ɓarewa.

Mata masu sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ko hijabi, ko ma'aikaciyar lafiya ce mai shiga ƙauyuka ko mai hidimar ƙasa da aka turo sansanin Wamakko: ki nemi auduga marar nauyi, domin kaya biyu ne a jikinki. Matsattsen wandon roba da ake sayarwa ko'ina shi ne ya fi kawo ƙaiƙayi da zafi. Mai ɗan yalwa wanda bakinsa ya tsuke a idon sawu ya fi, ba ya hawa sama idan kin hau babur. Ki sa tela ya yi miki aljihu na gaske.

Daji da fadama

Ƙarangiya tana son yadi mai gashi da saƙa sakwa-sakwa, irin wandon motsa jiki. Mai santsi mai matsattsiyar saƙa ba ta kama shi sosai. In ta kama, kada ka tsince da yatsa, bi ta da tsohon mataji ko bayan wuƙa, kuma ka cire kafin wanki, in ba haka ba ta watsu cikin sauran kaya. Cikin ciyawa mai tsawo, musamman da kaka, cusa bakin wando cikin takalmin roba mai tsawo. Wando mai kauri da yalwa yana rage wa ƙafa ƙaya, amma maganin kububuwa takalmi ne. Haka ruwan da ke kwance a fadama: wando ba ya hana tsargiya shiga fata, sai dai takalmin.

Wandon da kake feshin maganin ƙwari ko na ciyawa da shi, ware shi daban. Cire shi da ka gama, a wanke shi shi kaɗai, kada a haɗa da kayan yara, kada kuma ka zauna cin abinci da shi.

Bayan ka kawo shi gida

Biyu za ka saya in da hali, ka riƙa musanya su, kowanne ya samu ya bushe daga gumi, domin gishirin gumi da ƙura su ke cin zare. Ba kullum sai an wanke ba, wani lokaci kakkaɓewa da rataya a iska sun isa. In za a wanke, a juya shi ciki waje, a ja zif, a yi da ruwan sanyi, kada a bar shi kwana cikin omo, kuma kada bilic ya taɓa mai zaren roba. Shanya a inuwa: ranar Sakkwato tana cinye launi cikin 'yan watanni, iskar kuwa ta isa ta busar da shi ko a ƙarƙashin darbejiya. Gaya wa mai wanki da guga kada ya sa sitati, kuma in dutsen gawayi yake amfani da shi ya shimfiɗa ƙyalle a kai, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda gauraye.

Duk bayan wanki ɗaga hantsa da gwiwa a haske. Da ka ga wuri ya fara shara-shara, kai wa tela ya sa faci ta ciki ya bi shi da keke layi-layi, da zare mai launin wandon. In ka rage tsawon wandon lokacin da ka saya, guntun da aka yanke shi ne facin da ya fi dacewa, saboda haka karɓe shi daga hannun tela ka adana. Zif da ya fara tauri saboda ƙura, goge shi da tsohon buroshin haƙori ka shafa masa kyandir.